Sanarwar Ƙarfe Takwas da Kwata

Taƙaitaccen bayani, kamar yadda aka shigar a fayil: Ranar Litinin, da ƙarfe bakwai da minti arba'in na safe, mai gadin fadamar da wata ƙungiyar kare tsuntsaye da namun daji ke kula da ita ya buga waya ofis, ya ce an kwashe 'ya'yan gauraka daga sheƙarsu. An zargi Babbar Jami'ar Hulɗa da 'Yan Jarida da sakaci, an dakatar da ita. An kama mai laifi kafin a tashi daga aiki. Iyakar abin da fayil ya ɗauka ke nan, domin fayil ba ya son surutu. Ga abin da ya bari a waje.

Sufeton 'yan sanda ya isa ofishin ƙungiyar da ƙarfe tara, Saje na bayansa da littafi. Sun tarar da Darakta a tsaye a bakin ƙofa, yana gumi irin na mutumin da ya riga ya samo wanda zai ɗora wa laifi.

"Shekara goma sha ɗaya rabon da gauraki su yi sheƙa a fadamar nan," in ji Darakta. "Mun ɓoye wurin ko ga direbobinmu. Ranar Juma'a wannan baiwar Allah ta rarraba wa 'yan jarida hotuna, yau Litinin ga shi an yashe sheƙar. Yallaɓai, akwai sauran bincike?"

"Akwai ɗan kaɗan," in ji Sufeto. "Don shi ake biyanmu albashi."

Babbar Jami'a na zaune a ofishinta, jakarta a kan cinya, an riga an karɓe makullin aljihun teburinta. Shekara goma sha tara tana wannan aiki. 'Yan jarida sun laƙaba mata Ba-Yanzu-Ba, saboda duk sanarwar da ta aika musu tana ɗauke da rana da sa'ar da aka yarda a buga, wanda kuwa ya riga lokaci ba ya sake ganin takardarta. Da ƙarfe huɗu kwamitin amintattu zai zauna a kan korarta.

"Ke kika aika hotunan?"

"Ni ce. Ga mutum tara, da sharaɗin kada a buga sai Laraba."

"To ai kin nuna wa ɓarawo hanya."

Ta miƙo masa hoto: 'ya'yan gauraka uku, jajaye-jajaye, a cikin ciyayin ruwa.

"Duba da kyau, Yallaɓai. Mun juya hoton, dama ta koma hagu. Mun yanke dutsen da ke baya. Kyamara kan liƙa wa kowane hoto alamar wurin da aka ɗauke shi, ita ma mun goge. Wanda ya bi wannan hoto, sai dai ya ƙare a gonar wani."

"Wa ke gogewar?"

"Mataimakina. Amma cire shi daga ranka. Ni na rene shi a aikin nan."

A bangon bayanta akwai wata takarda da ta sha rana, an rubuta da manyan baƙaƙe: KADA KA RUBUTA ADADIN DA BA KA ƘIRGA BA. Sufeto ya nuna ta da biro.

"Dokar gidan nan ce," in ji ta. "Wata shekara mun ce mun dasa bishiya dubu biyar, wani ɗan jarida mara aikin yi ya je ya ƙirga. Tun daga ranar, duk wanda ya kawo mini lamba sai ya faɗi inda ya gan ta da idonsa. Mataimakina sau bakwai na mayar masa da takarda a makonsa na farko. Yanzu ko a mafarki ba zai yi kuskuren lamba ba."

Mataimakin na ɗakin gaba, waya biyu a kunne, farar riga ba ko ɗigon datti. Shi kuma ana kiransa Ɗumi-ɗumi. Tun da aka dakatar da shugabarsa ya karɓi ragama, kuma da ƙarfe takwas da kwata ya fitar da sanarwar satar ga kowace jarida da gidan rediyo.

"Ka san inda sheƙar take?" Sufeto ya tambaye shi.

"Ni? Ranka ya daɗe, dubi takalmina. Ni da fadama sai a hoto."

"Minti talatin da biyar ka rubuta sanarwa, aka sa hannu, aka aika?"

"Aikin ke nan, Yallaɓai. Ba kowa ne ke cewa ba yanzu ba."

Daga nan suka nufi fadama. Mai gadi dattijo ne mai doguwar sanda, ya kai su har bakin ruwa. Gaurakin biyu na tsaye nesa, suna wani kuka mai kama da ƙaho. Sufeto ya lura da sawun takalmin roba: ya taso daga titi, ya miƙe ɗoɗar zuwa sheƙa, ya dawo. Babu alamar dube-dube.

"Wannan bai zo nema ba," in ji Saje. "Ɗauka ya zo yi."

"Baba, guda nawa aka ɗauka?" Sufeto ya tambayi mai gadi.

"Duka, ranka ya daɗe."

"Duka ba lamba ba ce. Nawa?"

"Uku. Kamar yadda yake a rajista."

Saje ya zagaya bayan bukkar gadi domin wata larura da ba a shigar a fayil ba. Ya dawo yana kiran Sufeto. Akwai ɗan tudun sabuwar ƙasa, an aza dutse a kai.

"Baba, me ka binne a nan?"

Dattijo ya jingina da sandarsa.

"Guza ne, ranka ya daɗe. Ranar Asabar da hantsi ya kama ƙaramin. Na bi shi da sanda, na ƙwato, amma rai ya riga ya fita. Na ce in na faɗa, za a ce tsufa ya kama ni, a ba wani aikina. Na bar wa Laraba, in an gama hidimar 'yan jarida."

"Wa ka gaya wa?"

"Ko matata ba ta sani ba, ita da ke sanin abin da ban yi ba ma."

"Da ka buga waya da safe, ka faɗi adadi?"

"Ina ni ina faɗin adadi? Cewa na yi an kwashe."

A hanyar dawowa Saje ya kunna rediyo. Mai karanta labaran ƙarfe ɗaya na cewa: "Ƙungiyar ta bayyana takaicinta game da sace 'ya'yan gauraka guda biyu..."

Sufeto ya zaro kwafin sanarwar da aka ba shi da safe, wadda ya cusa a aljihu bai karanta ba, kamar yadda ake yi wa yawancin sanarwa. Ya karanta layi na biyu sau biyu.

"Saje, taka motar nan."

Sun fara da Darakta. "Ka karanta wannan kafin ka sa hannu?"

"Kalma bayan kalma."

"Guda nawa ta ce an sace?"

"Uku mana."

"Na gode," in ji Sufeto. "Kai dai ba ka da hannu."

Aka tara su a ɗakin taro. Sufeto ya ajiye hoton a dama, sanarwar a hagu, ya dubi Ɗumi-ɗumi.

"Hoto ya ce uku. Rajista ta ce uku. Darakta ya ce uku. Kai ka rubuta biyu. A ina ka samo?"

"Kuskuren yatsa ne, Yallaɓai. Sauri."

"Da haruffa ka rubuta, ba da lamba ba. Kuma sau biyu. Ranki ya daɗe, yana irin wannan kuskure?"

Babbar Jami'a ta karanta takardar a hankali. Wannan ne karo na farko da ta gan ta. Ta ɗago ta dubi mutumin da ta yi shekara shida tana koya wa aiki.

"Ba ya yi," in ji ta. "Ƙirgawa ya yi."

"Tun ranar Asabar biyu suka rage a sheƙar," in ji Sufeto. "Mutum biyu ne kawai a duniya suka san haka: mai gadin da ya binne ɗaya, da wanda ya sa hannu ya ɗauki sauran. Saje, buɗe mana aljihun teburinsa."

A cikin aljihun akwai wata sanarwar, an buga ta tsaf, da kwanan watan Alhamis mai zuwa. Kanunta: JAMI'IN ƘUNGIYA YA CETO 'YA'YAN GAURAKA DA AKA SACE. Har an bar gurbin hotonsa.

Ɗumi-ɗumi ya kashe wayoyinsa biyu, ya jera su a kan tebur.

"Shugaba, ke kanki kin sani," ya ce, muryarsa ta sauka. "Gauraka ta ƙyanƙyashe, wa zai buga? Shafi na goma sha huɗu, ƙarƙashin tallan siminti. Bara mun kwana uku a kan rahoton fadama, layi huɗu aka ba mu. Yau fa? Kowace tasha da mu ta buɗe. Alhamis zan mayar da su lafiya, mu sake hawa shafin farko. Ba sata na yi ba, labari na haɗa."

"Kujerata fa? Ita ma Alhamis za ka mayar?" in ji Babbar Jami'a.

Ɗumi-ɗumi ya gyara zaman wayoyinsa a kan tebur.

"Ina suke?" in ji Sufeto.

Suna cikin sito, bayan tulin tsofaffin allunan wayar da kai, a kwalin takardun firinta da aka huda wa ramuka. Gefe ga takalmin roba, taɓo bai gama bushewa ba. Ya ajiye musu ruwa a murfin kwalba da guntun biskit. Ɗaya ya ɗaga kai ya yi ƙara. Ɗayan ya riga ya sandare.

Babbar Jami'a ta cire mayafinta ta naɗe mai ran, ta miƙa wa Darakta.

"Riƙe, kada ka matse. A kira likitan dabbobi, a kai shi ga iyayensa kafin rana ta faɗi. A ba ni makullina."

Darakta ya shiga lalube a aljihu da hannu ɗaya.

Saje ya sa wa Ɗumi-ɗumi ankwa. A bakin ƙofar gida 'yan jarida sun fi ashirin, Ɗumi-ɗumi da kansa ya gayyato su taron ƙarfe uku.

"Ba za a bi da ni ta baya ba, Yallaɓai?"

"Ai kai ka kira su," in ji Sufeto. "Rashin ladabi ne a bar baƙi suna jira."

Wani tsohon wakilin jarida ya hango Babbar Jami'a, ya ɗaga murya: "Ranki ya daɗe, mu buga, ko ba yanzu ba?"

"Yanzu," in ji ta. "Ku rubuta: an sace biyu, ɗaya ya mutu a sitonmu, ɗaya na da rai. Ma'aikacinmu ne ya ɗauka. Ni na ƙirga."

Abin da lamarin ya ci, kamar yadda aka rufe fayil: ɗan gauraka ɗaya, a bakin guza, ba laifin kowa ba. Ɗan gauraka ɗaya, a cikin kwali. Mataimaki ɗaya, da shekara shida na horo. Takardar gargaɗi ɗaya ga mai gadi, wadda Babbar Jami'a ta roƙa aka sassauta. Zaman kwamitin amintattu ɗaya, an soke, an sha shayin. Mayafi ɗaya, bai wanku ba. Ɗan gauraka na ukun iyayensa sun karɓe shi, ya tashi sama bayan wata uku. An aika wa jaridu tara sanarwar tashinsa. Ɗaya ta buga, a shafi na goma sha huɗu.