Ƙusar Da Ba Ta Amsa Ba

A tsakiyar tsohuwar gadar jirgin ƙasa ya fara ganinta, ranar da dunduniyar takalminta ta maƙale tsakanin katakai. Tun da aka cire layin dogo gadar ta zama ta masu tafiya a ƙasa, shi kuma mai walda ne cikin masu kula da ita. Ya zaro takalmin ya miƙa mata.

"Malam, gadar taku cin takalmi take yi?"

"Sai na wadda take so ta tsaya."

Malamar asibiti ce a tsallaken kogi. Daga ranar ta sa masa Mai Guduma, shi kuma ya sa mata Takalmi Ɗaya.

Mahaifinta ya shekara talatin yana ƙwanƙwasa ƙusoshin gadar tun zamanin jirgi. Lafiyayyar ƙusa amo take kamar ƙararrawa. Har yanzu duk shekara shi ake kira ya saurara, ya sa hannu cewa gadar lafiya take.

Saura sati biyu manyansa su je neman aure, saurayin ya buga wata ƙusa a ƙarƙashin tsakiyar gada. Ta ce dum. Ta kusa da ita ma haka. Kwana biyu kafin nan kuwa tsohon ya sa hannu.

Ya kasa cin abinci. In ya faɗa, ya ce wa duniya kunnen surukinsa ya mutu. In ya yi shiru, 'yan makaranta ne ke bi ta kan gadar kullum, da ita kanta.

Ya tura mata saƙo: "Takalmi Ɗaya, gobe kada ki bi ta gada. Zan yi abin da zai iya raba mu."

Ta amsa: "Kunnen Baba ne, ko? Mun daɗe da sani a gida, mun rasa mai faɗa."

Washegari ya kai rahoto, aka rufe gadar. Tsohon ya ce, "Yaron da ya kira ni kurma a gaban jama'a? Kada manyansa su wahalar da kansu."

Kwana shida tana kuka. A na bakwai ta ɗauko tsohuwar gudumar mahaifinta ta ajiye masa a cinya.

"Baba, je ka ƙaryata shi da kanka."

Suka sauka ƙarƙashin gada su uku. Saurayin ya durƙusa.

"Baba, don Allah ɗora yatsanka a kan ƙusar nan."

Ya buga. Tsohon bai ji komai ba, amma ƙusar ta motsa a ƙarƙashin yatsansa. Ya daɗe bai ɗauke hannu ba.

"Da ka yi shiru don ka same ta," in ji shi, "da wata rana ni zan tsamo ta daga kogin nan."

Ya miƙa masa gudumar. "Riƙe. Ka ce manyanka su zo."

Ranar da aka buɗe gadar, ta kanta aka kai amarya. Tsohon na gaba yana ɗaga murya fiye da kima, "Allah ya yi muku albarka!" Amarya kuwa takalmi marar dunduniya ta sa.