Kumfa a Tafkin Debo

"Lasana! Ruwa fa!"

Ihun da na kurma ke nan da na ji sanyi ya taɓa idon sawuna. Na ɗaga tabarma... ruwa ne ke ɓulɓulowa ta tsakanin katako biyu na jirgin ruwanmu, ga mu a tsakiyar tafkin Debo!

Gwaggo Hawoye, yayar babana, ta dafe ƙirji.

"Innalillahi! Tun a Mopti na ce kada mu shiga makarar nan!"

Lasana, saurayina mai jirgin, ya zabura. Ya karkata jirgin zuwa wani tsibirin yashi, ya kashe inji, ya dira cikin ruwa har ƙugu. Ni kuwa na ɗauki ƙwarya ina kwarfa. Babana ya ba shi zuwa Juma'a: ya iso Dire da sadakina, ko a bar maganar har abada. Yau Laraba.

"Ba shekaranjiya aka toshe shi ba?" na tambaya.

"An toshe."

"Da wane kuɗi? Ka ce farfela ta cinye komai."

Ya sunkuyar da kai.

"Lasana... kalle ni."

Ya ɗago jajayen idanunsa. "Da sadakinki, Niyamoye."

Ƙwaryar ta suɓuce daga hannuna.

"Sadakina?!"

"Rabin raina, saurare ni. In na sauke shinkafar mutanen nan a Dire, kuɗin dako zai mayar da shi..."

Na dubi buhunan. Ruwa ya fara lasar gindinsu.

"Kin ji ko?" Gwaggo ta tafa hannu. "Mijin jirgi ne wannan! Jirgi zai ci, jirgi zai sha, ke ki lashi gishiri!"

Sai ga ƙarar wani inji. Sabon jirgi ne, fenti na sheƙi, Sori a tsaye a gaba cikin farar shadda. Shekara biyu yana bina, Gwaggo kuma nasa take yi.

"Ɗan Bozo, jikan masunta!" ya ƙwala wa Lasana. "Yau kifaye sun aiko ka koma gida?" Ya russuna wa Gwaggo. "Inna, ku taho. Akwai katifa, akwai inuwa."

"Tashi mu tafi, 'yar nan," in ji Gwaggo.

Wallahi na tashi. Zuciyata tafasa take. Na sunkuya in ɗauki ƙwaryata... sai ta sake zame mini. Santsi! Na dubi tafin hannuna, na dubi cikin jirgi.

Kumfa. Fara fat, tana ta taruwa a bakin tsagar.

"Gwaggo... tun yaushe ruwan Debo yake kumfa?"

Lasana ya zaro wuƙa ya ƙwaƙulo tsumman da aka cusa a tsagar. Kowa a bakin kogi ya sani, da tsumma da man kaɗanya da garin gawayi ake toshe jirgi, don ruwa ba ya cin mai. Gwaggo ta fizge tsumman. Ta sunsuna. Ta ɗanɗana, ta tofar.

"Shekara talatin ina sayar da man kaɗanya," in ji ta. "Wannan sabulun salo ne!"

Na juya ga Lasana.

"Wa ya yi maka gyaran?"

"Yayan Sori," in ji Lasana a hankali.

Gwaggo ta juya. Ta leƙa cikin sabon jirgin, babu ko buhu ɗaya, sai katifa.

"Kai kuma me ya kawo ka Debo da jirgi wayam?"

"Inna, ni dai wucewa..."

"Inna ta ci gidanku! Da ni a ciki?! Ka so ka jiƙa ni kamar wanki don ka auri 'yata? Ɓace mini!"

Ta wurga masa tsumman, ya sauka a ƙirjin farar shaddar. Ya juya jirginsa ya tafi, ko waiwaye bai yi ba.

Can sai Gwaggo ta jawo babbar ƙwaryar man da za ta kai kasuwar Dire, ta buɗe.

"Ungo, mijin jirgi. Na gaske ke nan, ka sunsuna ka san shi!"

"Gwaggo, sai tsumma..." in ji Lasana.

Na kwance ƙunshina na zaro atamfar da na saya don ranar ɗaurin aure.

"Niyamoye, a'a! Kada..."

Ƙyaaat! Na yage ta gida biyu.

"Ka ɓoye mini maganar sadaki, wannan ban yafe ba tukuna," na ce, hawaye na zuba. "Amma toshe, masoyi. Juma'a ba ta jira."

Mun shiga Dire ana kiran sallar Juma'a, shinkafa a bushe sai buhu biyu. Gwaggo ce ta yi gaba wurin babana, tun daga ƙofa take rantsuwa tana ba da labari.

Kuɗin dako ya mayar da sadaki. Da tsohon zanena aka ɗaura mana aure.

Sabon yana nan har yau a cikin tsagar jirginmu. In na ɗaga tabarma, ina ganin jan furensa... ko ɗigo bai taɓa bari ya shigo ba.