Kwamfutar Da Ta Ƙi Tashi a Ƙofar Ƙaura

Jikana Rilwanu ne ya fara ba ni labarin nan, yana zaune bakin gadona, ko takalmi bai cire ba.

Gyaran kwamfuta yake yi a Ƙofar Ƙaura. Cikin tsohuwar na'urar shagonsa ya ajiye muryar kakansa, marigayi Malam Yari, maigidana, da ya ɗauka kafin Allah ya karɓi abinsa. Babu ita ko'ina sai nan.

Ran nan ya sabunta abin da suke kira kanel, wai shi ne zuciyar na'ura. Masu hankali sukan bar tsohon a gefe, ko sabon zai ƙi. Shi kuwa gwani, ya share tsofaffin duka, wai suna cin wuri.

Ya kunna. Baƙin allo, sai ɗan layi yana ƙifta ido. Ya kashe, ya kunna. Ya sa filashi, ya cire. Tun azahar yake abu ɗaya, har wuyansa ya ƙage.

Aka kira magariba. Maƙwabcinsa Dabo mai walda ya leƙo, yana naɗe hannun riga.

"Injiniya, taso. Ba a zama da inji a wannan lokaci."

"Je ka, Malam Dabo, ga ni nan."

Bai tashi ba. Layin shagunan ya yi tsit. Janareto ma ya mutu.

Na'urar ba ta mutu ba.

Allo ya kawo jerin zaɓi. Ga sabon kanel. Ƙarƙashinsa ga wani, ba suna, ba lamba. Shi bai sa shi ba. Gajiya ta sa ya danna.

Fankar cikin na'urar ta tsaya. Warin ƙasar tsohuwar rijiya ya cika shagon.

Sai numfashi daga lasifika, a hankali, kamar na mutane da yawa cikin ɗaki ƙarami.

"Ka rushe muna ɗaki," in ji wata murya ƙasa-ƙasa. "Ko sallama babu."

Ya fizge wayar wutar daga bango. Allon na nan.

"Tsohon nan yana wurinmu. Shi yake muna hira."

Sai ga tarin Malam. Tarin nan nasa na kafin ya yi magana.

Kujerar baƙi ta bayansa ta yi ƙara, kamar an zauna.

Bai san sanda ya kai masallaci ba. Shagon ma a buɗe ya kwana.

"Kaka," ya ce mini, "na kasa fiddo miki Malam."

Na ce, "Kai dai sakarai ne. Ci tuwo."

Washegari na yafa mayafina, na hau Keke Napep har shagon. Na yi sallama a bakin ƙofa, na jira kamar yadda ake jira a gidan mutane. Sannan na zauna gaban baƙin allon.

Na ce, "Yaro ya yi kuskure, ku yi haƙuri. Ku riƙe muryar. Amma Malam ba ya son a katse shi, ku bari ya kai aya."

Na lulluɓe na'urar da zanena, na sa Rilwanu ya kulle.