Muryar Inna Tasalla

Ran da Zakariya'u ya fara ganin Tsahara, a gajiye yake liƙis. Ya taso daga Sabon Gari da rana tsaka, ɗan kabu-kabu ya sauke shi a Tsibiri, rigarsa ta jiƙe da zufa. Ɗalibin ilimin harshe ne a jami'a a Yamai, amma yajin karatu ya maido shi Maraɗi, don haka yake bin tsofaffi da 'yar rakoda yana ɗaukar Gobiranci saboda kundin gama digirinsa. An ce masa babu mai tsohuwar magana kamar Inna Tasalla.

Jikarta Tsahara ce ta amsa sallamar, da awon ɗinki rataye a wuya.

"Kai ne mai karatun Hausa?" ta tambaya. "To da wane harshe kake magana tun haihuwa?"

Ya so ya yi mata bayani, sai ya ga ba shi da ƙarfin yi. "Ki taimake ni da ruwa tukuna," ya ce.

Ta yi dariya, ta kawo.

Inna Tasalla ba ta ji sosai. Dole Tsahara ta bar keken ɗinkinta ta zauna tsakaninsu tana maimaita tambayoyinsa da ƙarfi. Haka aka yi makonni. Tsohuwa tana lissafa sunayen gero da waƙoƙin daɓe, shi yana rubutu, idonsa kuwa yana wani wuri.

Wata rana bayan ya koma gida ya aika mata: "Tsahara, yau na saurari abin da muka ɗauka. Na tsallake muryar Inna, na yi ta maimaita dariyarki. Aikina ba ya ci gaba, kuma ban damu ba."

Ta amsa: "Malam Zakari, ni ce kake so ko bakina na Tsibiri?"

"Ko da bebiya ce ke, ke nake so, sanyin idona."

Da zancen aure ya taso, mahaifinta Alhaji Maiwada, ɗan kasuwar hatsi, bai yi na'am ba.

"Mi wanga karatu ka ba mutum?" ya ce. "Likita na sani, alƙali na sani. Shekara nawa yana jami'a, yau yaji gobe yaji? Ga Abdulrazak da shagonai a Zariya, ya aiko neman aurenta tun bara."

Lokacin rikicin tazarce ne, gari ya rabu biyu, kowa yana auna bakinsa. Alhaji kuwa ba ya ɓoye adawarsa. Wata safiya aka kira shi kwamisariya, ofishin 'yan sanda, aka tsare shi yini guda yana amsa tambayoyi a kan maganganun da ya yi a ƙofar gidansa. Kafin ya dawo, Abdulrazak ya riga ya baza zancen cewa yaron nan mai rakoda ne ya kai tsegumi.

Alhaji ya hana Zakariya'u taka gidan. Saƙon Tsahara ya zo da la'asar: "Zakari, ka gaya mini gaskiya. Ka taɓa kunna rakodarka a zauren Baba?"

Ya daɗe yana kallon wayar. Ya gaji da jiran a buɗe jami'a, ya gaji da bayyana wa mutane amfanin karatunsa, yanzu ga wannan. Ya rubuta: "Ban taɓa ba. Amma tunda har kin tambaya, ban san abin da zan ƙara ba."

Ya karɓi aikin yaƙi da jahilci a Jiratawa, yana koya wa manoman rani rubutun Hausa a gindin bishiya. Tsahara ta koma kan kekenta, ta rame, ta ƙi fitowa duk ran da Abdulrazak ya zo. Ta rubuta masa sau da yawa tana gogewa.

Bayan girbi sai Inna Tasalla ta rasu.

Zakariya'u ya zo gaisuwa ran addu'ar bakwai. Mutane suka yi ta kallonsa. Ya durƙusa gaban Alhaji ya ajiye rakodar da duk abin da ya ɗauka.

"Baba, Allah ya jiƙan Inna. Wannan muryarta ce, ku kuka fi ni cancantar riƙe ta. In kun ga dama ku saurara duka, babu abin da na cire."

Alhaji ya ture rakodar gefe. Amma bayan an watse ya sa Tsahara ta kunna masa. Kwanaki ya yi yana saurare. Bai ji zaurensa ba, bai ji siyasa ba. Ya ji mahaifiyarsa tana tari, tana faɗa da kaji, tana ba da labarin shekarar yunwa da ta goya shi ta taka har Madarunfa neman dawa. Sannan ta rera waƙar da take lallashinsa da ita yana jariri, wadda shi kansa ya manta. Dattijon ya rufe fuska da rawaninsa.

Da ya natsu ya ce, "Ɗiyata, na zalunci yaron ga. Ki ce mashi ya turo magabatansa."

Nan take ta rubuta: "Masoyina, na yi kuskure da na tambaye ka. Ka yafe mini. Baba ya ce a turo."

Amsar ba ta jima ba: "Na yafe tun ran nan, gajiya ce ta hana ni faɗa. Kawu Idirisa zai zo Jumma'a."

An ɗaura auren bayan sojoji sun karɓi mulki, lokacin da babu wanda ya san inda ƙasar ta nufa. Digirin bai ƙare ba, ɗakin da suka kama a Sabon Gari ƙarami ne, kekenta ya cinye rabinsa. Da 'yan rakiyar amarya suka tafi, ta dube shi ta ga idanunsa sun faɗa.

"Ka gaji, angona."

"Na gaji," ya ce, ya zauna kusa da ita. "Amma yau dai na iso gida."

Alhaji da kansa ya sa musu albarka a waya: "Allah ya ba ku zaman lafiya, ya sa ku tsufa tare." Suka haɗa baki suka ce amin.