Rairayin da Sauda Ta Ɗebo a Kango

Magariba ta kawo jiki a Maisandari. Kaji sun shiga akurki, hayaƙin gawayi ya kwanta a tsakar gidan Tahir. Matarsa Sauda tana turara burabusko, uwarsa Ya Bintu tana alwala a gindin dalbejiya. Sai aka watsa wani abu a kan rufin kwano, shaa, kamar an zazzage buhun gero. Babu hadari, babu iska. Da suka haska, rairayi ne.

Ya Bintu ta yi ta addu'a. Sauda kuwa ta gane rairayin.

'Yarsu Mu'mina shekararta huɗu, kuma ƙirjinta ba ya son ƙura, shi ya sa Sauda ta ce ita za ta fara koya mata rubutu a gida. A kan abin koyarwar aka yi ta ja. Ya Bintu ta ce allo da tawada, da su kowa ya fara a gidansu na Abbaganaram. Tahir ya sayo littafi mai ɗigo-ɗigo da fensir. Sauda ta ce allo ya yi wa yarinyar nauyi, fensir kuma yatsunta ba su yi ƙwari ba. Ta gani a waya ana zuba rairayi a tire, yaro ya zana harafi da yatsa, in ya ɓata a girgiza ya sake.

Dabarar ba ta da laifi. Wurin ɗiba ne ta yi kuskure. A bayan katangarsu akwai wani kango, a kusurwarsa akwai rairayi mai laushi kamar an tankaɗe, kullum a share. Ba ta tambayi kanta wa ke share shi ba. Ta shiga da almuru, ba sallama, ba bisimilla, ta cika tire.

Mu'mina ta kama karatun da sauri, amma da hagu. In an mayar mata dama, sai ta koma. Wata maƙwabciya ta shigo aron turmi ta gani, ta yi dariya ta ce, "Maman Mu'mina, malama guda da ke, bahaguwa kika haifa?" Da matar ta fita, Sauda ta ɗauki ludayi ta maka wa ɗan hannun. Yarinyar ba ta yi kuka ba. Dunƙule hannun ta yi ta ɓoye a hammata. A yammacin ranar ne aka fara jifan.

Daga nan kowace magariba sai an watsa rairayi. Ana jin kukan ƙaramin yaro a bayan randa, in an leƙa ba kowa. Tiren da aka girgiza da rana sai a same shi da 'yan haruffa ƙanana, karkatattu. Mu'mina ta daina magana, ta daina cin kirki, hannun hagu ya ƙi buɗuwa. An kai ta asibiti, an ɗauki hoto, an ce ƙashi lafiya lau.

Sauda ba ta gaya wa kowa zancen ludayin ba. Takan zauna ta ɗora hannun a cinyarta tana shafa masa man zafi, ba ta iya kallon idon 'yar.

Ya Bintu ce ta hau keke-napep ta je Abbaganaram ta taho da Goni Ajimi, tsohon malamin da ake kai wa irin wannan. Ya zo bayan la'asar, ya zauna a tabarma, ya dafa kan yarinyar ya fara karatu a hankali. Rana na faɗuwa jikinta ya sanƙare. Bakin da ya daɗe a rufe ya buɗe, muryar babbar mace ta fito.

"Goni, ya isa. Kana ƙona ni."

"Wace ce ke?"

"Maƙwabciyarku ta bayan katanga."

"Maƙwabci da sallama yake shiga gida."

"Ita matar gidan ta yi sallama da ta kwashe shimfiɗar ɗana?"

Muryar ta ce ɗanta ya biyo shimfiɗarsa ne, ya tarar ana zane a kai, abin ya ba shi sha'awa. Yakan ɗora hannunsa a kan na Mu'mina su zana tare. "Ban hana shi ba," in ji ta. "Mu a kango ba mu da makaranta. Ranar da ludayi ya sauka, hannu biyu ya samu. Nasa bai buɗu ba, nata ma ba zai buɗu ba."

Ya Bintu ta juyo. "Wane ludayi?"

Sauda ta durƙusa. "Ni ce na buge ta, Iya, ranar da mai aron turmi ta yi dariya."

"Jaririyar nan? A kan dariyar mai aron turmi?" Tsohuwar ta kau da kai, kuma da zagi ta yi da ya fi sauƙi.

Aljanar ta nemi a yanka mata baƙar kaza. Goni ya ce, "Jini ba za ki samu ba, ke ma kin san haramun ne. Rairayinki za a mayar, a ba ki haƙuri. Ke kuma ki saki abin da ba naki ba."

Sannan muryar ta yi laushi. "To a mayar da haruffan a kai. Kada a girgiza. Yana son su."

"In babu aya a ciki, an yarda."

Sauda ta matso da gwiwa. "Ki yafe mini, ke da ɗanki. Amma hagun nan, ku kuka sa mata?"

Wata 'yar dariya ta fito daga bakin yarinyar. "Da abinta muka same ta."

Goni ya ɗaga murya da karatu. Mu'mina ta yi atishawa, jikinta ya saki, yatsun suka buɗe ɗaya bayan ɗaya, rairayi ya zubo daga tafin. Ta ce, "Kaka, ruwa."

Da safe Sauda ta ɗauki tiren da hannu biyu don kada haruffan su goge. Ta tsaya a bakin kangon ta yi sallama, ta ajiye shi a kusurwa, har tiren ta bar musu. Tun daga ranar ba a sake jifa ba.

Da yarinyar ta warware, aka ajiye mata allon Ya Bintu da littafin Tahir, aka ce ta zaɓa. Ta miƙa hagu za ta ɗauki fensir, sai ta tsaya. Ta kalli uwarta, ta mayar da hannun bayanta, ta miƙo dama.

Ya Bintu ta ce, "Tuwo da dama. Rubutu kuma ki bar mata abin da Allah ya ba ta."

Sauda ta ɗauki fensirin, ta kai hannu don ta jawo ɗan hagun daga maɓoyarsa. Mu'mina ta runtse ido, ta sunkuyar da kai tana jira.