Mai Buɗe Famfon Kamfanin Rini

Ranar da ya fara ganinta, kwalbar ruwa mai launin rawaya ce a hannunsa. Shi ke kula da famfon da kamfanin rini ke zubar da dagwalonsa ta cikinsa, ita kuwa bincike take yi a ɗakin gwaje-gwaje. Ta ɗiga wa ruwan wani sinadari, ta barbaɗa garin jan ƙarfe wanda ya fi toka laushi. Yana tsaye rawayar ta dushe.

"Garin nan hanzarta aikin kawai yake yi, gubar ta koma abin da za a iya tacewa," ta ce. "Kada ka sha fa, Dogo."

"In ke kika miƙo mini, sai in shanye."

"To sha, mu huta da surutu."

Tun daga nan zukata suka haɗu. Amma mahaifinta ya ƙi. Rijiyar gidansu a bayan kamfanin take, kuma daga ita mahaifiyarta ta sha har ciwo ya kai ta kushewa.

"Hannun da ke buɗe famfon nan ba zai karɓi 'yata ba," in ji tsohon.

Gaskiya ya faɗa. "Sa ni aka yi" ba ta wanke kowa.

Dogo ya rantse mata ba zai ƙara buɗewa ba sai an kafa tankin tacewa. Manajan kamfanin ya ce ba yanzu za a kafa ba.

Wata safiya ta ga rawaya tana malala a kwata. Ta rubuta masa: "Ashe rantsuwarka ta baki ce. Kada ka sake nemana."

Sai da yamma amsa ta zo: "Sanyin idona, ba hannuna ba ne. Na ƙi, suka kore ni, suka sa wani. Kunyar gaya miki nake ji."

Ta yi kuka ya ishe ta, sannan ta karanta wa mahaifinta saƙon. Tsohon ya ɗago ya dube ta.

"Yanzu ba shi da aiki ke nan?"

"Ba shi da shi, Baba."

"Ce masa ya turo manyansa."

Aka ɗaura aure ba wani taro. Da za a tafi da ita ta durƙusa gaban mahaifinta, ya dafa kanta.

"Uwarki ce ta iya nasihar wannan rana, ni ban iya ba. Ku riƙe juna da amana. Allah Ya yi muku albarka."

Ya juya fuskarsa bango har suka fita.