Ƙaton Aji Uku

Ranar da Malamar aji uku ta fara ganinsa, a maƙale ta gan shi. Juyowarta daga allo ke da wuya sai ga ƙaton mutum a layin baya, ya cusa jikinsa cikin kujerar yara, gwiwoyi sun kusa taɓa gemu. Ya yunƙura zai gaishe ta, kujerar ta taso tare da shi.

Yara suka kwashe da dariya. Ita kuma ta kare baki da hannu, ta shafa wa kanta alli har hanci.

Ya ce shi aka turo ya taimaka wa malamai kan yaran da karatu ke ba wuya. Ba ya zaman ofis, domin sai ka zauna inda yaro yake zaune kake ganin abin da yake gani. Daga ranar sunansa ya koma Ƙaton Aji Uku.

Damuwar Malama wata yarinya ce da ake kira Shiru-shiru. Ga wayo, amma da an miƙa mata littafi sai ta ce idonta ke ciwo. Ƙato ya kawo tire da yashi. Ya ce a daina tsayar da ita gaban aji, a bar ta ta zana harafi da yatsa tana faɗin sautinsa. In ta yi kuskure a girgiza tire, kuskuren ya ɓace, babu jan biro.

Ana girgiza tire, zukata ma suka girgiza. Wata yamma saƙo ya shigo wayarta:

“Malamata, yau Shiru-shiru ta karanta layi guda. Ni kuwa in kina kusa ko kalma ɗaya ba na iya haɗawa. A duba lamarina.”

Ta mayar masa: “Ɗalibina, naka ya fi ƙarfin yashi. Ka je ka ga Babana.”

Sai dai malamin lissafi, wanda ya daɗe yana goge takalmi saboda ita, ya riga shi isa shagon ɗinkin Baba. Bai yi ƙarya ba, gaskiyar ce ya rage wa tsawo. Cewa ya yi mai neman ’yarsa, da gemunsa, kullum yana aji uku yana wasa da ƙasa.

Baba ya ce ko kusa. Malama ta yi bayani har muryarta ta dushe. Ƙato ya kawo takardun karatunsa, Baba ya juya su, ya ce bai ga tabaransa ba. Tabaran nan kuwa tun Malama tana goye ake nemansa.

Da Mama ta matsa, sai ya ce zai je ya gani da idonsa, ya kori mutumin a gaban yara.

Ya shiga ajin yana huci, aka ba shi kujerar da ta rage, kusa da Shiru-shiru. Ta dube shi, ta ga ya kawar da kai daga allo.

“Kaka, kai ma idonka ke ciwo?” ta raɗa masa. “Ba ido ba ne. Kawo yatsanka.”

Ta kama yatsan da ya tsufa yana zura zare a allura babu gilashi, ta ja shi cikin yashi. Harafi ya fito. Baba ya daɗe yana kallonsa. Ƙato ya gani, ya juya baya yana gyaran taga da babu abin da ya same ta.

Da aka kaɗa ƙararrawa Baba ya yunƙura, kujera ta taso tare da shi. Ƙato ya dafe ƙafafun kujerar, ya ce a fara fitar da numfashi sannan a zame ta hagu, shi ya san halinta.

Baba ya kakkaɓe riga, ya yi ƙasa da murya.

“Ka turo manyanka. Kuma irin tiren nan, ka kawo ɗaya shago, ta ƙofar baya. Saboda jikoki.”

Ƙato ya ce, “Baba, ai babu jikoki tukuna.”

“Shi ya sa na ce ka turo manyanka.”

An ɗaura aure, malamin lissafi ya zo ya ci ya ƙoshi. Da aka kawo takardar shaida, Mama ta miƙo tawada don dangwala yatsa kamar kullum. Baba ya ture, ya ce a ba shi biro.

Allah ya ba su zaman lafiya, ya kawo jikokin, ko tiren ya samu masu shi.